Takarar Kurma da Layin Kwanuka

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya ƙafar nan taka da ke kumbura in an yi sanyi? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Yayarka uwar gida idonta ya yi dama tun da aka yi mata aiki, har ta koma ganin laifina daga nesa. Auta ta sake haihuwa, mace, mai kama da mahaifiyarmu sak. Ita ce ma ke riƙe da biro yanzu, ni ina faɗa tana rubutawa. Na gaya mata ko kalma ɗaya kada ta tausasa, don in ta gama zan kai wa tela ya karanta min in ji.

Ƙanena, gyara zama. Kurma ya fito takarar kansila. Kurma dai da ka sani, babban ɗana, wanda muka bar wa injin niƙan da ni da kai muka kafa da guminmu. Yaron da kai da bakinka ka laƙaba wa wannan suna saboda ƙarar inji ta cinye masa kunne, sai an dafa kafaɗarsa yake juyowa, kuma a wuni bai fi ya ce a matso da kwano ba. To shi ne yanzu ke tsayawa a bayan mota da lasifika yana wa jama'a jawabi. Wallahi da na ji muryarsa ban gane ta ba, don ban taɓa jin ya haɗa magana mai tsawon haka ba tun da aka haife shi.

Yadda ma na samu labarin abin kunya ne. Na fito da safe zan leƙa inji, sai na ga hotonsa manne a bango, an jera shi tun daga ƙofa har kwana, da rubutu manya a ƙasa. Ka san ni da boko ba mu taɓa gaisawa ba. A sanina ba a manna hoton mutum a bango sai in ya ɓata ko hukuma na nemansa. Na dafa bango ina salati. Na ruga wurin tela ina tambayarsa abin da yaron nan ya aikata, kuma tun yaushe ake nemansa. Tela ya yi dariya har allura ta soke shi, ya ce min ba hukuma ke neman Kurma ba, Kurma ne ke neman hukuma. Ashe gidan nan kaf kowa ya sani, har uwar gida, suka haɗa baki suka ɓoye min wai kada hawan jinina ya tashi. A hoton ma sun wanke shi tas, ba ƙurar gari ko ɗaya a girarsa, kai ka ce bai taɓa ganin masara ba.

Duk wannan na haɗiye. Da ya zo ya durƙusa ya ce kwatar bayan kasuwa ce ta ishe shi, duk damina ruwa na shiga gidajen mutane kuma ba mai magana, na ce Allah Ya taimaka. Ban hana shi ba. Abin da ya sa na ɗauki Auta aikin rubutu daban ne.

Ka tuna ƙa'idar da muka kafa tun ranar da inji ya fara tashi: kwano ke bin layi, ba mai kwano ba. Mace ta ajiye kwanonta a gindin bango ta koma gida ta yi aikinta, mu muna tura shi gaba da ƙafa har ya iso bakin inji. Ba mu taɓa rubuta sunan kowa ba, kowane kwano mun san gidansu da lotsawarsa da murfinsa. Ka tuna ranar da matar alƙali ta aiko a tsallake da nata, ka ce wa ɗan aiken ya koma ya ce mata inji ba ya jin magana. A kan wannan mutanen unguwa suka yarda da mu, har aka buɗe wasu injina kusa da su amma suna wuce su suna zuwa namu.

To akwai wani mai jagorantar kamfen ɗin Kurma, ana ce masa Mai Lasifika, mutum ne mai baki kamar an kunna rediyo. Shi ya kawo shawarar a sayo koren fenti, duk macen da ta yi alkawarin ƙuri'a a ɗiga wa kwanonta a gefe, kuma mai ɗigo shi ake fara niƙa wa. Ni ban sani ba, don a kwanakin nan ciwon baya ya kwantar da ni. Ranar da na samu na taka da la'asar, sai na tarar da layi ya rabu biyu. Masu ɗigo suna tafiya, marasa ɗigo an tura su can jikin rariya rana na dukansu. Kuma ka san kwanon da ke ƙarshensu? Shuɗin kwanon Gwaggo Doguwa, wanda kai ka liƙe wa gindi da dalma shekarun baya. Ita ce mace ta farko da ta kawo mana niƙa lokacin da mutane ke cewa injin zai ƙona musu hatsi. Laifinta ɗaya, ɗanta mai shagon magani shi ne ke karawa da Kurma a takarar. Jiƙaƙƙiyar masararta tun safe take nan, da na ɗaga murfin tsami ya buge ni, ƙudaje sun rufe ta. Ita kuwa tana tsaye daga nesa da sandarta. Ta dube ni kawai, ta sa aka ɗauko mata kwanonta ta juya. Ƙanena, gara ta zage ni.

Ban yi hayaniya ba. Na jira aka kashe inji don a zuba mai, na shiga na zare ƙarfen da ake murɗawa a tayar da shi, na saɓa a kafaɗa na taho gida, na sa shi ƙarƙashin matashina. Mai Lasifika ya biyo ni har ɗaki yana ce min Baba zamani ya canza, haka ake siyasa yanzu, bayan zaɓe komai zai koma daidai. Na tambaye shi ko bayan zaɓe masarar Gwaggo za ta daina tsami. Ya ce irin wannan ƙarfe ai ana sayar da shi a kasuwa. Na ce ya je ya sayo, ƙafarsa ce. Kurma ya zo, uwar gida ta sa baki, Auta ma da ke rubutun nan ta sa baki, kuma na ga tana murguɗa shi yanzu. Na ce inji ba zai tashi ba sai layi ya koma ɗaya. Unguwa ta yi tsit, har barci ya gagare ni da rana saboda rashin ƙarar da na saba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Kurma bai sayo wani ƙarfen ba, ko da yake na ji an kawo masa har ƙofa ya ce a mayar. Ana nan sai wata safiya na ji yara na ihu a titi. Na leƙa, sai ga ɗan takarar kansila cikin tsohuwar rigarsa ta aiki, ɗauke da shuɗin kwano a ka kamar yarinya, ya ratso ta gaban shagon maganin abokin takararsa, ya bi ta ƙarƙashin hotunansa, jama'a na kallo. Ashe gidan Gwaggo ya je ya durƙusa, ya zuba mata sabuwar masara daga buhunsa. Ya gaya min ta ce ta yafe, amma ya sani ƙuri'arta ta ɗanta ce. Shi kuma ya ce mata ba ƙuri'a ya zo nema ba, niƙa ya zo karɓa. Ya ajiye kwanon a gabana ya miƙo hannu. Na ɗaga matashi na ba shi ƙarfen.

Kada ka ɗauka an gama. Mai Lasifika ya yi fushi ya kwashe rabin yaransa, masu ɗigo suna ƙorafin an yaudare su, marasa ɗigo da yawa har yau ba su dawo ba. Tela ya ce wannan abu zai iya kayar da Kurma, wasu kuma na cewa shi zai ɗaga shi. Ni ban san lissafinsu ba. Abin da nake roƙonka, tunda rabin injin nan naka ne, ka kira Kurma a waya ka ƙarfafa masa gwiwa, amma ka ɗaga murya, ka san kunnensa. Ka kuma kira Gwaggo Doguwa, ta tambaye ka, ta ce liƙinka har yau bai yi yoyo ba.

Ka gaida amaryarka da Babangida da Ƙaramar Hajiya da jikoki duka. Uwar gida da Auta da tela suna gaishe ka. Ni kam in ka neme ni ina bakin inji a kan tsohuwar kujerarka, da toka da yashi da tsumma a gabana. Duk kwanon da ya zo da koren ɗigo sai na goge shi tas kafin ya shiga layi. Fentin yana da taurin kai, amma bai kai ni ba.

Ni ne yayanka,
Tsohon Mai Inji