Baba a gaban mikro

Litinin, 14 Maris 2011

Daraktan gidan radiyonmu ya ce mutanen Mayahi sun gaji da zancen zaɓe, mu sake magana. Ya miƙo mini labarin da ya ji: wai masu tsara intanet na gardama ko a ware ma shafukan batsa unguwarsu daban, da alama a ƙarshen adireshi. Ni zan jagoranci muhawarar ran Alhamis. Na ce to, don ban san wa ya gayyato ba.

Talata, 15 Maris

Baba ne. Uban mijina! Shi da Mushe Rabi'u, malamin lakwal, makarantar boko.

Ni da ko sunanshi ban taɓa faɗi ba, in na gaishe shi ƙasa nake kallo. Mijina Sirajo bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Ramlatu, in ran Baba ya ɓaci, ke da radiyo sai dai saurare." Na san ba wasa yake ba.

Laraba, 16 Maris

Miya ta ƙone.

Alhamis, 17 Maris

An yi. Na gabatar da shi da "dattijo daga garin Sarkin Hausa", mai kula da na'ura har da ƙunshe dariya, ɗan banza. Na zaci Baba zai yi ta la'anta. Ina! Cewa ya yi a ware shafukan. Shi makiyayi ne, akuya mai ƙazwa turkenta daban, kowa ya san inda zai kauce. Mushe ya ce in ka ba abu gida ka ba shi izini, kuma wa ya ce za su bar tsofaffin gidajensu?

Sai bakina ya riga ni. Na ce: "Baba, akuya ba ta neman ƙazwa. Amma yara fa? In an kafa alama, ba hanya aka nuna musu ba?"

Shiru. A radiyo shiru ba ya da kyau. Na sa kiɗa. Wallahi na ji tsoro.

Jumma'a, 18 Maris

Sirajo ya ci tuwo ya tashi ya fita. A kasuwa wata ta ce mini "ashe kina da baki". Na tsani mikro ɗin nan yau, kuma ba na so in rabu da shi.

Lahadi, 20 Maris

An ce masu tsara intanet ɗin can sun amince a ware shafukan, su ta shafa.

Da hantsi Baba ya zo bisa amalanke. Bai shiga wajen Sirajo ba, ƙofar madafa ya tsaya, yana magana kamar da bango yake: "Tambayar nan ta hana ni sukuni. Har yau ban samo amsa ba. A gaya ma daraktan ya sake kirana, kuma ita za ta yi tambayar, ban son wani."

Na ce to, Baba. Ina jin na ɗan ɗaga kai, ban tabbata ba.

Ina da wasu tambayoyi biyu. Ta biyun ta fi ta ran nan zafi.