Maganar da Ka Bari a Mota

Lafiya, ranar Talata

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin rahama, kabari ya yi maka faɗi. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko kana raye ma ba karatun mutane za ka yi mata ba, da jan biro za ka bi ta, kana zagaye kurakurai kana tambayata inda na samo labari. To yau babu jan biro, babu mai katse ni. Sai ka kwanta ka saurara, don raina a ɓace yake.

Bari in fara da na gida. 'Yarmu Ummi ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, muna ce masa Kalifa. Goshinka ya ɗauko, har da ɗaure fuskar. Reshen mangwaron nan da na yi shekaru ina cewa a sare kana cewa a bari sai an gama jarrabawa, ya faɗo kan rufin kicin da iskar farkon damina. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Jami'a ta karɓi makullin ofishinka, ɗanmu Nura ya yi ta jigilar littattafanka a keke napep har suka cika ɗakin baƙi zuwa bakin taga. Kullum sai na leƙa ko gara ta shiga. Na fita takaba lafiya, 'yan'uwanka sun kyauta mini, ba ni da abin cewa a kansu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Rifkatu. E, Rifkatun taka, ɗalibarka ta digirin dakta, 'yar Agyaragu, wadda ba ta taɓa shigowa gidan nan babu doya a bayan ɗan acaɓa ba. Ta zo mini makon da na fita takaba. Malam, da ka gan ta da ka ji kunya. Ta rame, ta zauna a bakin tabarma tana ta murza gefen zaninta. An ba ta sabon mai duba aiki, Dakta Shu'aibu, ɗan gaban goshinka, wanda har tafiyarka yake kwaikwaya. Ya ce ko ta cire babin nan da ta saɓa maka a ciki ta sake shi bisa ra'ayinka, ko ba zai sa hannu ta je kare aikinta ba. Wa'adinta kuwa ƙarshen zangon nan zai cika, in ya wuce an kore ta ke nan. Duk shekarun da ta yi tana koyarwa a sakandare da safe, tana bin ka da yamma, ta bar yara wurin uwar miji, su tashi a banza.

Ni ba 'yar tarihi ba ce, lissafi na koyar a firamare har na yi ritaya. Amma shekara talatin ina cin tuwo da maganar gishirin garin Awe, dole na haddace. Kai ka ce tun zamanin daular Kwararrafa, ɗaruruwan shekaru kafin jihadi, malaman da suka biyo fatake daga arewa su ne suka kawo shari'ar rabon filayen gishiri, su ke yanke hukunci in an yi rikicin iyaka ko gado. Hujjarka tsofaffin takardun Larabci da na ajami da ka bi gidajen limamai ka tattaro. A kan wannan aka san ka, a kansa ka zama farfesa. Ita kuwa Rifkatu ta ce tsofaffin matan da ke dafa gishirin suna da nasu zaman shari'ar tun kafin zuwan malaman, kuma abin da ya gagare su kaɗai ke kaiwa gaban alƙali, shi ya sa shi kaɗai ya shiga takarda. Ka tuna yadda ka dawo gida ranar da ta fara faɗin haka? Ko ruwa ba ka sha ba. Ka ce yaran yanzu ba sa ganin girman takarda, tatsuniyar tsakar gida suke son mayarwa tarihi. Sau nawa ka mayar mata da babin nan ja jawur kamar an yanka kaza a kansa?

Sai ranar da muka je Awe ta'aziyyar tsohon limamin da ya fara buɗe maka akwatin takardunsa. Ka zauna a zaure da maza, kamar yadda ka saba, ni na shiga cikin gida. Kafin in shiga ka ja ni gefe, kamar da wasa, ka ce in tambayi tsofaffin wa ke raba gardama in mata biyu sun yi rikici a kan filin gishiri. Na tambaya. Suka ce ai babbarsu ce ke taka wurin da ƙafarta, ta tara maƙwabtan filin, ta yanke, tun kakannin kakanninsu haka ake yi, kuma kai ƙara gaban maza abin kunya ne ga dangi. Ka sake tura ni wani gida a wata unguwa, suka faɗi haka. Haba Malam! Shekara talatin kana zaune a zaure kana tambayar maza labarin sana'ar mata. Na san ba ka da ikon shiga cikin gidan mutane, amma ba ka da mata ne? Ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa in raka ka ba, sai dai in soya maka dambun nama in sa a jaka.

A hanyar dawowa ko ramukan titin ma ba ka zage su ba, abin da ba ka taɓa fashi ba. Can ka gangara gindin wata ɗorawa inda mata ke gasa doya, ka kashe mota, ka cire tabarau ka riƙe a hannu. Ka ce yarinyar nan ta fi ka gaskiya. Ka ce littafinka bai yi ƙarya ba, amma rabin labari ya ba da, kuma rabin da ya bari shi ne babba. Sannan ka ce kada in gaya wa kowa, ko ita, da bakinka za ka faɗa a taron ƙara wa juna sani na sashenku, a rubuce, yadda ya dace da masana.

To ina rubutun? Ina yake, Malam? Da farko ka ce sai ka gama makin jarrabawa. Da aka gama, aka shiga yajin aiki, ka ce babu taro. A yajin aikin nan kana gida zaune daga safe har yamma kana sauraren rediyo, me ya hana ka rubuta ko layi biyu? Waya fa? Lambarta na cikin wayarka, danna ta kawai za ka yi. Ta zo gidan nan gaishe ka ana cikin yajin, ka karɓi doyarta, ka tambaye ta lafiyar yara, ka bar ta ta tafi. Ina tsaye a ƙofar kicin ina harararka, ka yi kamar ba ka gani ba. Ni na san ba lokaci ka rasa ba. Nauyin baki ne, girman kai ne irin naku na malaman jami'a, da za ku iya cewa wanda ya mutu shekara ɗari biyar ya yi kuskure amma ba za ku iya cewa ku kun yi ba. Aka janye yajin, ka ce mako mai zuwa. Ranar Laraba da hantsi ka faɗi a tsakar gida da butar alwala a hannu.

Wallahi na duba ko'ina. Nura ya buɗe kwamfutarka, na zazzage jakunkuna, na bi littattafai ina kaɗa su, har aljifan rigunanka na lalube. Busasshen goro na samu da murfin biro. Mutumin da ya rubuta shafi guda cur a kan ko wani alƙali da ƙasa ta daɗe da cinyewa ɗan wane ne ko jikan wane, bai bar kalma ɗaya a kan mace mai rai da ke jiran sa ba.

Don haka na yafa mayafi na hau keke na tafi sashenku. Dakta Shu'aibu ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya durƙusa har ƙasa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Na gaya masa duk abin da ya faru a gindin ɗorawar. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan cikin ladabi ya tuna mini cewa kai da kanka ka koya musu labarin da ya fito daga baki ɗaya ba a kafa hujja da shi sai an sami na biyu. Ya ƙara da cewa wani lokaci baƙin ciki kan sa mutum ya tuna abin da ba haka aka faɗa ba. Ka ji fa! Ni Hajara, da na san ma'anar kowane tarinka, ni za a ce ban ji daidai ba. Da sandarka aka doke ni, don na sha jin ka kana faɗin wannan ƙa'ida, har yaranmu kana yi musu ita in sun kawo ƙarar juna. Na bar musu lemonsu ban buɗe ba.

Ba na cewa mugun mutum ne. Son ka yake yi, irin son da ba ya barin mutum ya yi kuskure. Kai ka raine su a haka, yanzu ga shi sun zagaye littafinka suna gadi.

Jibi Alhamis za su yi laccar tunawa da kai. Za a ƙaddamar da sabon bugun littafin nan, da hotonka a bango cikin hular farfesa, an gayyaci manya. An ware wa iyali 'yan mintoci na godiya. Ƙaninka Alhaji Sabo ya so ya yi magana, na ce masa ni zan yi. Nura ya gano nufina, tun jiya ba ya cin abincina. Ya ce zan tozarta ubansa a gaban duniya, mutum yana kwance ba ya iya kare kansa. Ummi ta bugo waya tana kuka, ta ce in rufa maka asiri. Wane asiri? Ni a wurina abu mafi kyau da ka taɓa yi shi suke so in binne.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Littafin nan naka ban karanta shi ba, daga shafin da ka sa sunana ban wuce ba, in ka tambaya sai in ce ya yi kyau. Ranar da aka ba ka farfesa na yi murna, na yi anko, na raba abinci, amma murna ce kawai. A motar nan kuwa, da na ga tsoho mai furfura riƙe da tabarau yana cewa ɗalibarsa ta fi shi gaskiya, ban taɓa son ka kamar ranar ba, ko muna amarci. Na so in faɗa maka, kunya ta hana ni, sai na sauke gilashi na saya maka gasasshiyar doya da manja. Ashe ni ma na iya barin magana a mota.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa magana a gaban farfesoshi ba. Wataƙila su tafa mini don ladabi su ce tsohuwa ta ruɗe, wataƙila Dakta Shu'aibu ya ƙi sa hannun duk da haka, wataƙila Nura ya daɗe bai yafe mini ba. Amma Rifkatu za ta kasance a zauren, na ce mata ta zo ta zauna a gaba, ban gaya mata dalili ba. Ko ba a ba ta digirin ba, za ta ji a gaban jama'a abin da ya kamata ta ji daga bakinka a falon gidan nan. Ka ce kada in gaya wa kowa, na riƙe maka har ka tafi, na riƙe har na gama takaba. Ya isa haka.

In na yi maka ƙarya, ka riƙe ni ranar gobe ƙiyama. Can dai ba za a ce sai na kawo baki na biyu ba.

Ranar da aka shirya ka, aka kira ni in yi maka kallon ƙarshe, na durƙusa na ce na yafe maka duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa. Amma a lokacin ban san girman aikin da ka bar mini ba. Wannan ɗaya ka ɗan jira ni, kai ma ka ɗanɗana jira. In na sauko daga kan dandamalin nan jibi, kafin in kai kujerata na yafe.

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya haskaka makwancinka.

Matarka, shaidarka ɗaya tilo,
Hajara