Na Ga Inuwar Layi Na Biyu, Mijina Kuma Zai Koma Teku

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar, don in ta wuce ban san amfanin da za ta yi mini ba.

A wani ɗan shagon turare nake aiki, ni ce mai haɗawa. Uwar ɗakina tana gaba tana ciniki, ni ina ciki da kwalabe da sirinji, ƙarƙashin wata taga da rana ke leƙowa ta cikinta da la'asar, ta ratsa kwalaben, bango ya yi ta rawa da launi. Hancina shi ne jarina, amma kwanan nan ya juya mini baya. Man furen da nake so kamar raina yanzu warin jiƙaƙƙen tsumma yake mini. In kuwa mai gyaran takalmin ƙofar shagonmu ya buɗe gwangwanin gam, sai in ji kamar in ja kujera in zauna kusa da shi. Na haɗa wa wata mata turaren da ta saba saya, ta shinshina, ta tambaye ni ko lafiya. Ga barci kamar an jiƙa ni, ga ƙirjina ya yi nauyi.

Shekararmu huɗu da aure, shiru. Sai na kasa haƙuri. Da sauran fiye da mako lokacin al'adata ya yi, na sayo tsinken gwajin ciki a kemis. Da rana tsaka na shanye gorar ruwa don fitsari ya zo, na shiga banɗakin shago. Layi ɗaya. Na jefa a kwandon shara. Da za mu tashi da yamma, Gwaggo, kada ki yi mini dariya, na koma na tono shi. Sai ga wata inuwa a wurin layi na biyu, ba launi, kamar sawun gashi a jikin sabulu.

Yana cikin jakata, a kwalin turare. Tun ranar ba a duniyar nan nake ba. A mota in na jingina da gilashi sai in ga jaririyar, don na riga na yanke mace ce. Kunnuwan ubanta gare ta, Allah sarki. Ina ganin ta zaune a ƙasan teburina tana jera murafen kwalabe. Sau biyu ina wuce inda zan sauka.

Maigidana makaniki ne a jirgin ruwa na kaya, ni dai Kyaftin nake ce masa. Asabar zai koma, sai bayan watanni, waya ma sai sun tsaya a tasha. Al'adata kuma sai farkon mako mai zuwa nake sa ranta. Bara ta taɓa yi mini latti, na yi saurin gaya masa. Ya fita, ya dawo da 'yar safar jarirai. Washegari jini ya zo. Bai sake ta da zancen ba, amma na ga safar a akwatin sifanoninsa, naɗe a leda.

In gaya masa ya tafi da murna, ko in yi shiru ya tafi hannu wofi? Tsoron sake gwaji ma nake ji, don muddin ban gwada ba, yarinyar tana nan.

Mai Haɗa Turare

'Yata,

Ban yi miki dariya ba, murmushi kawai na yi, don ba ke ce mace ta farko da ta tona kwandon shara ba. Kakata daga tafiyar mace take gane ciki. Rabin lokaci tana dacewa, sauran rabin kuma ba mai tuna mata.

Mu fara da tsinken. Wani sinadari yake nema a fitsari, wanda jiki ba ya fara yinsa sai ciki ya zauna a mahaifa, sannan ya riƙa ƙaruwa a hankali. Kin je da wuri, kika kuma tsarma abin da ruwa. Ke da kike haɗa turare kin san abin da ke faruwa da ɗigon mai in an tuttula masa ruwa. Don haka layi ɗayan nan bai ce babu ba. Inuwar ma ba ta ce akwai ba. Mintocin da aka rubuta a takardar tsinken su ne lokacin karatu. Abin da ya fito bayan ya bushe, sau da yawa sawun bushewa ne kawai. Ki fitar da shi daga jaka, bai san komai ba.

Hanci, barci da nauyin ƙirji kuwa, ciki yana kawo su, al'ada ma in ta kusa tana kawo su, haka nan zuciyar da ta daɗe tana jira. Shaidu ne masu son faranta wa kowa.

Ki bari ranar da kike sa ran al'adar ta zo ta wuce. Da safe, fitsarin farko, kafin ki sha komai, ki gwada, ki duba agogo. Layi mai launi ko siriri ne, layi ne, sai ki nufi asibiti. In ɗaya ya fito kuma jini bai zo ba, ki ƙara kwana biyu ko uku ki sake. Gwajin jini na asibiti yakan riga tsinke gani, kina iya zuwa jajibirin tafiyarsa, amma ki sani shi ma yana iya cewa a dawo. Kafin nan ki riƙe jikinki kamar akwai: kada ki sha magani ba da sanin likita ba, ki nemi ƙwayar folik asid da ake ba masu ciki, ki buɗe tagar nan in kina aiki, gam ɗin mai takalmi kuma ki gaishe shi daga nesa. In kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri da zubar jini, kada ki jira tsinke, asibiti kai tsaye.

Sai Kyaftin. Na fahimci dalilin shirunki, ba kya so ya yi watanni a tsakiyar ruwa yana renon abin da wataƙila babu. Amma mutumin da ya adana safa tsakanin sifanoni ai bai daina jira ba, shi kaɗai yake yi, ke ma kina yin naki ke kaɗai, a ɗaki guda. Kada ki ce masa an samu. Kada kuma ki ce ba komai. Ki gaya masa abin da yake gaskiya: ba ki sani ba, kina fata, kina tsoro. Ku yi alkawari duk amsar da ta fito, mai daɗi ko akasinta, za ta same shi a tashar farko, ba ƙari ba ragi.

Mafarkin yarinya ba laifi ba ne, 'yata, ki dai riƙa sauka a inda ya kamata. Allah ya kai shi lafiya ya dawo miki da shi lafiya, ya sanyaya zuciyarki a safiyar gwaji, ya ba ku rabo mai albarka a lokacin da ya fi alheri.

Gwaggonki