Laba Shida da Rabi

Samaru, 9 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya teku? Ka gaishe min da ita, tunda ita ta cinye wasiƙarka.

Na karanta shafi huɗun nan. Yanzu na san ruwan gaɓar Ikko ya yi sanyi, iska ta juyo daga kudu, jirginku na bincike yana shiga mil ashirin, kuma kun kama kifi mai laba casa'in. Na kuma koyi cewa duk kifin da bai kai awo ba ruwa kuke mayar da shi. Ka ga digiri bai hana ni ƙaruwa ba.

Can gefen takarda na tsinci "yaya jikin?" Jiki yana nan, wata tara ya kama. Ƙafafuna sun kumbura, na daina zuwa aiki. Jibi Inna za ta tafi da ni gida goyon ciki. Ka yi alkawarin zuwa suna. Na tuna maka ne kawai.

Taka,
Safiyatu

Unguwar Gabas, Sabon Gari, 6 ga Agusta

Maigida,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da kifayenka kuna lafiya.

Tangarahon haihuwa ya same ka, don ga amsarka a hannuna: lokacin kifi ne, shekara biyar ruwa bai yi kyau haka ba. Allah ya ƙara masa kyau. An yi suna shekaranjiya. Yayanka Uba ne ya yi mata huɗuba, shi ya kawo rago. Sunanta Zubaidatu.

Saƙonka ma ya iso. Da aka ce akwati ya sauka a tashar jirgin ƙasa, Baba ya ɗauka kayan suna ne, ya sa babbar riga, ya tafi da aminansa biyu. Kai da ka san zurfin teku, ban san yadda ka manta kwana nawa jirgi ke yi daga Ikko zuwa Zariya ba, ko abin da kwana biyu ke yi wa ƙanƙara. Tun kafin a buɗe akwatin aminan Baba suka tuna suna da uzuri. Maƙwabciyarmu Mama Chinwe mai kifi ta leƙa, ta ce lallai babban kifi ne, Allah ya ji ƙansa. An binne shi gindin mangwaro.

Amma kada ka damu, sunanka bai ɓaci ba. Tsofaffi sun yanke cewa kunyar 'yar fari ce ta hana ka zuwa. Gwaggo ta ce duk da bokonka ba a sake haifar mai kara irinka ba. Ban ƙaryata ta ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, aka ce zafin ruwan jego ne.

Safiyatu

Unguwar Gabas, 8 ga Satumba

Malam Zailani,

Gaisuwa, da fatan kana shan ruwa lafiya.

Mun yi arba'in, na gama wanka. Inna ta fara haɗa gara don a mayar da ni gidanka, na ce ta huta. Mukullin gidan Samaru yana hannun Uba. Daga nan zan riƙa shiga mota zuwa aiki.

Wasiƙarka ta bakwai ta zo. Ba ka tambayi kamannin yarinyar ba, amma ga rahoto irin wanda kake karantawa. Hancinka ne, idona ne. Tana barci sosai in ana ruwa. Ranar da aka haife ta nauyinta laba shida da rabi.

Na bi wasiƙunka ɗaya bayan ɗaya, ban ga kifin da ka ambata wanda bai fi ta nauyi ba. Don haka ban ga laifinka ba, tun a Yuli ka gaya min ƙa'idar aikinku. Ba sai ka wahala ba, mun koma ruwanmu da kanmu.

Ka huta lafiya.

Safiyatu Umaru