Fayafayan Nazih

Ashrafiyye, Beirut
9 ga Satumba, 2019

Zuwa ga Raffi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Montreal bai gama da gwiwoyinka ba. Shekara goma sha biyar ban manta abin da ka faɗa mini a ƙofar coci ranar jana'izar ƙanena Nazih ba: "Malam Iskandar, ka karanta littattafan duniya, amma ba ka san wanda kake binnewa ba." A gaban kawunnaina ka faɗa. Na riƙe ka da ita, har wasiƙarka ta zo makon jiya.

Ka ce za ku taru ku tuna da Nazih, kuna roƙon in aiko da fayafayansa na waƙa. Ka ce har yau mutanenku in sun haɗu sai sun ambace shi. Ban yi mamaki ba. Sau ɗaya na shiga kulob ɗin nan na ƙarƙashin ƙasa inda yake saka wa mutane waƙa, na je ne in ja shi gida. Na tarar da maza suna rawa da maza ba mai waiwaye, shi kuma yana can sama, hannu ɗaya a kan faifai. Da ya hango ni sai ya yi dariya, ya ce, "Yaya, sassauta wuyan rigar nan, ba jarrabawa muke ba!" Ya saka waƙar da mahaifinmu yake so. Na juya na fita.

Kai ka san yadda yake aiki. Kowa da waƙarsa; mutum na saukowa daga matakala zai ji ta, ya san an gan shi. A jikin kowane faifai ya manna 'yar takarda da sunan wanda yake saka wa shi. Akwai ɗaya da ba suna, wanda yake sakawa in 'yan sanda sun tsaya a bakin titi, kowa ya saki hannun kowa. Kai ka zauna da shi shekara goma sha ɗaya, ni kuwa na bar sunanka a waje da na rubuta sanarwar rasuwa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kafin masu ta'aziyya su zo, na ɓare takardun nan ɗaya bayan ɗaya na ƙone su a kicin. Na ce wa kaina ina kāre mutane ne. Sunan gidanmu nake kārewa. Fayafayan kuma na kai su ɗakin kwano na saman bene, kusa da tankin ruwa, don kada wani ya tambaye ni. Na ce na kwana uku ne kawai. Mama ta yi ta cewa, "Sauko da kayan yaron nan, rana za ta cinye su." Na ce gobe.

Jiya na hau ɗakin kwanon, da mabuɗi da wasiƙarka. Ka gaishe mini da duk wanda zai karɓi gaisuwata. Kada ka aiko kowa. Faifai dubu da ɗari biyu ne, duk sun lanƙwashe sun manne da juna, babu ko ɗaya da zai yi sauti.

Yayan Nazih,
Iskandar Tabet