Ranar da Goggo ta Ɓoye Ƙwayoyin Awudu

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Hawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Awudu ne ya ba ni izinin rubuta wannan a fili. Ya ce ya gaji da ɓoyo.

Kin tafi kin bar mana sirrin da mu uku muka riƙe: autanki Awudu yana ɗauke da cutar ƙanjamau, yana shan magani, yana tuƙa trotro, motar haya, a tashar Race Course kamar kowa. Abin da ba ki gani ba, Mma, ƙodarsa ta gaza. Ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Yanzu inji ke wanke masa jini a asibiti.

Likita ya janye ƙwayar nan da kika saba miƙa masa, ya ce ba ta dace da mai ciwon ƙoda ba. Ya ba shi wasu, ya rage ƙarfin ɗaya. Ranar wankin jini sai an cire shi daga inji zai sha, kada injin ya tafi da maganin. Ruwan sha ma da awo. Kelewele, ayabar nan mai yaji da kike soya masa, an hana. Ya kuma gargaɗe mu: in ana tsallake magani, cutar za ta farka ta daina jin sa, ga shi irin wanda jikin Awudu zai iya ɗauka yanzu ba shi da yawa.

Sai Goggo Fati, ƙanwar Baba, ta taso daga unguwar Dichemso ta tare wurinmu don jinya. Kin san ta: akwai ƙauna, amma ba a ja da ita. Ta zo da jiƙon sassaƙe a galan. Ashe in na fita kasuwa tana ɗura masa, wani lokacin ta hana shi ƙwayar, shi kuma kunya ta ɗaure masa baki.

Wata ranar wanki nas ta ja ni gefe, fuska ba annuri. Ta ce wani gishiri ya taru a jininsa, zuciya na iya tsayawa. Ta tambaye ni me yake sha a gida. Na ce ƙwayoyin likita kaɗai na sani.

Muka dawo Zango yana jingine a kafaɗata, lokacin magani ya yi. Na buɗe kwanon da muke ajiye ƙwayoyin, wayam. Goggo na bakin ƙofa tana jan carbi. Ta ce ita ta kwashe: "Ƙwayoyin bature ne suka cinye masa ƙoda. Ba za a kashe ɗan yayana ina kallo ba."

Na roƙa har na durƙusa. Matan tsakar gida suka fara leƙowa. In na faɗi gaskiya, kafin magariba ta zaga unguwa. In na yi shiru, ga shi kwance. Maganarki ta faɗo mini: "Sirri garwashi ne, Sakina, in ya fara cin zani a sauke shi."

Awudu ya riga ni. Daga kan katifa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Goggo, ƙanjamau gare ni. Maganinta kika ɗauka."

Carbin ya tsaya. Ta tono ledar ƙwayoyin daga ƙasan kayanta, ta ajiye a tabarma, ba ta miƙa masa ba. Ta yafa mayafi ta koma Dichemso.

Kwanakin nan, Mma, duk wanda ya gaishe ni a layi sai in ce ko Goggo ta fasa sirrin.

Da ranar wanki ta zagayo, muka tarar da ita a ƙofar asibiti. Ba ta kalle ni ba. Ta zauna gefen gadonsa har aka gama, tana tambayar nas da yaren Twi abin da zai ci da abin da ba zai ci ba. Da aka cire shi, ita ta auna ruwan, ta sa masa ƙwayar a tafin hannu. Sai ta juyo gare ni: "Duk shekarun nan Hawa ita kaɗai ta ɗauki wannan?" Ta rufe fuska da mayafi.

An ɗebi jininsa don a ga ko cutar tana nan kwance bayan tsallaken da aka yi. Sakamako bai fito ba. Ina tsoro, Mmata, ba zan ɓoye miki ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya saka miki da Aljanna. Allah ya ba autanki lafiya, ya sa mu ji alheri. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Sakina
Zango, Kumasi