Addu'ar Tafiya a Tashar Funtua

Litinin, 1 ga Maris, 1965

Rabi'atu, 'yata da ke aji bakwai, ta dawo gida da zancen banza. Wai sabon malamin lissafi, Malam Lateef, ya ce musu lokaci ba gudu ɗaya yake yi wa kowa ba. Wai in Hasan ya yi tafiya da gudu kusa da na haske, zai dawo ya tarar Husaini ya tsufa ya bar shi. Shekara ashirin ina hedimasta, da agogona ake buga ƙararrawa, sai yau ɗan bana bakwai zai koya wa yara raina agogo.

Laraba, 3 ga Maris

Na tsayar da shi gaban malamai. Ya ce wani masani ne a Turai ya gano, kuma mafarin maganar mai sauƙi ne: in tafiya ta miƙe sumul, mutum ba ya iya cewa shi ke tafiya ko shi ke tsaye, sai ya gwada kansa da wani abu. Na ce wanda bai san yana tafiya ko yana tsaye ba, asibiti ya kamace shi, ba aji ba. Kowa ya yi dariya. Shi kuwa sai "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Ladabin nan ya fi zagi ƙona mini rai.

Asabar, 6 ga Maris

Na rubuta takarda a cire shi. Shafi uku. Da hannuna zan kai Kaduna.

Lahadi, 7 ga Maris

Uwarsa, Iya Lateef mai atamfa a kasuwar Malumfashi, ta zo ta durƙusa a zaure. "Baba Hedimasta, shi kaɗai gare ni." Na ce bakin alƙalami ya bushe. Tuwo bai shiga ba yau. Zafi ne.

Talata, 9 ga Maris

Ba na son rubuta wannan.

Na shiga jirgi a Funtua, na zauna bakin taga, ga jirgin kaya mai ɗauke da auduga tsaye a gefenmu. Can sai na ga mun fara tafiya, a hankali, ko girgiza babu. Da yake ni ne babba a taragon, na gyara murya na ja addu'ar tafiya da ƙarfi, har ƙarshe, na shafa. Taragon auduga na ƙarshe ya wuce. Sai ga bishiyar da na gani a bakin tashar ɗazu tana nan inda take. Mai fura ta leƙo ta ɗaya tagar ta ce, "Malam, ku fa kuna nan. A dama ko a bari?"

Wani falken goro ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Mara tarbiyya.

Laraba, 10 ga Maris

Kaduna. Ban shiga ofishin ba. Layi ya yi yawa, dalilin ke nan kawai.

Litinin, 15 ga Maris

Na ce wa Lateef ya ara mini littafin da ya samo maganar nan a ciki, don in nuna masa inda Baturen ya yi kuskure. Ya miƙo da hannu biyu. Wuya gare shi, shafi huɗu na karanta sau uku.

Takardar kuwa, maiɗakina Kulu ta tsince ta a aljihun rigar tafiya ta hura wutar koko da ita. Ina zaune ina kallo. Da na hana ta, to, goro ne a bakina.